Ranar Yanke Dabaibayi

A duk unguwarmu ta bayan kasuwar dabbobi a Kochkor, babu matar da ba ta taya Kanishai murnar rabuwa da ɗanta ba. Murna fa na ce, ba jaje ba. In ta je famfo, "Kanishai, kin huta." In ta shiga shago sayen ganyen shayi, "Ai kun yi dabara, yanzu unguwa ta yi shiru." Har malamar makarantar da ta kori yaron sai da ta tare ta a hanya, ta riƙe mata hannu biyu, wai Allah ya saka musu da alheri. Ita kuwa sai ta yi yaƙe ta ce amin, ta koma gida ta huce a kan kwanukan wanke-wanke. Kofunan da ta fasa a wannan shekarar, ita kaɗai ta san yawansu.

Ba wai Ermek waliyyi ba ne, kada wani ya ce na rufa masa asiri. Yaron ya gallabi mutane. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu ya daina zama a aji, ya fasa wa wani yaro baki, ya saci babur ɗin ubansa ya afka da shi cikin kwalbati. Ga wata 'yar wuƙa mai naɗewa da ba ta barin aljihunsa. Da ita ya sassaƙe teburan makaranta, da ita ya farke tayoyin motar maƙwabci. Ranar ƙarshe kuwa, ubansa Duishon ya zare bel zai dake shi, yaron ya ja da baya ya jingina da bangon kicin, ya buɗe wuƙar nan. Bai taɓa kowa ba. Amma Kanishai tana tsaye a bakin ƙofa da tsohon ciki, kuma ta gani da idonta.

Washegari surukarta, tsohuwar da kowa a gidan ke kira Ene, ta yanke hukunci: a kai shi can saman dutse wurin baffansa Sagin, ya yi kiwo, sanyi da aiki su gyara abin da uwa ta ɓata. Duishon ya ce to, don tun da aka haife shi bai taɓa ce wa uwarsa wani abu ban da to ba. Da aka zo maganar wanda zai gaya wa yaron, sai duk jarumai suka noƙe. Aka tura Kanishai, don ita kaɗai yake saurara. Ita ta haɗa masa kaya, ta cusa masa safa mai kauri a jaka. Ita ta dube shi ta ce tumakin baffansa ne suka fara haihuwa, ana neman hannu, da zarar ƙanƙara ta narke ubansa zai je ya ɗauko shi. Ya yarda. Har tambayarta ya yi ko ya kawo wa jaririn ɗan rago in zai dawo.

Ƙanƙara ta narke, ta sake zuba, ta sake narkewa. A tsakanin nan aka haifi Aidar. Duk sanda Kanishai ta ta da maganar Ermek, Ene sai ta ce, "In ya gan ki yanzu, aikin da aka yi ya rushe." Duishon kuma kullum hanya ba kyau, ko mota na gareji, ko can babu layin waya. Sau ɗaya ya je, ya dawo da buhun busasshen nono da magana guda: "Lafiyarsa ƙalau, har ƙiba ya yi." Ƙiba! Kamar rago ta tura turke.

Tana jin haushin Ene, tana jin haushin mijin, tana jin haushin unguwa kaf. Amma abin da ya fi cin ta shi ne wanda ba ta iya gaya wa kowa: gidan ya yi daɗin zama. Ba ɗan sanda a ƙofa, ba maƙwabci mai ihu, tana kwanciya barci ya ɗauke ta. Kuma motar da ke kai gishiri dutsen duk wata tana da kujerar gaba, da ta so da ta shiga. Ba ta shiga ba.

To, Aidar ya miƙe ya fara dafa bango, lokacin yanke dabaibayi ya yi. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san ranar. A murɗa igiyar ulu, zare fari da baƙi, a ɗaure wa yaro ƙafafu a bakin ƙofa, yaran dangi da na unguwa su yi tsere daga nesa. Wanda ya fara isowa shi za a ba wuƙa ya yanke igiyar, ya kama hannun yaron ya taka da shi, wuƙar kuma ta zama tasa. Tsofaffi sun ce halin mai yankewa yaro yake ɗauka, da saurinsa da sa'arsa.

A nan Kanishai ta kafe. Ta ce ba za ta soya ko borsok ɗaya ba, soyayyen ƙullin fulawar nan da ake tarbar baƙi da shi, ba za ta shimfiɗa wa baƙo ko tsumma ba, sai an kawo mata Ermek. Ene ta yi tsaki ta ce kelin ɗin zamani kenan, suruka mai kafa wa uwar miji sharaɗi. Amma tun da naman bikin daga garken Sagin zai fito, aka ce to, ya zo da yaron ya riƙe masa raguna a bayan mota. Kanishai ba ta damu da yadda suka faɗe ta ba. Ta wanke bargonsa, ta shanya katifarsa a rana, ta fitar da buhunan dankalin da aka jibge a ɗakinsa. Ta ƙudura a ranta cewa in ya shigo gidan nan, ba mai sake fitar da shi.

Da hantsi a-kori-kurar Sagin ta tsaya a ƙofar gida. Wani dogon yaro ya diro daga baya, fuska ta ƙone da rana da iska, wuyan hannu ya wuce hannun riga. Sai da ya ce "Apa", yadda yake kiran ta tun yana ƙarami, sannan ta yarda shi ne. Ta rungume shi tana kuka, shi kuwa ya tsaya ƙiƙam, yana warin hayaƙi da tumaki, bai ture ta ba, bai kuma riƙe ta ba. Da ta sake shi ya juya ya sauko da wani ɗan rago baƙi mai farin goshi, ya ɗaure shi a jikin shinge.

"Na jaririn ne," ya ce. "Na bara ya girma, sai na kawo na bana."

Wayyo, da mari ya ɗauke ta da shi da ya fi mata sauƙi. Ta ruga ta ɗauko Aidar ta miƙa masa. Ermek ya dubi ƙanensa, ya dubi hannuwansa, ya mayar da su baya.

"Hannuna da datti," ya ce.

Baƙi suka fara cika gida, kowa ya ga Ermek sai ya yaba. Yana zuba wa dattawa ruwan wanke hannu, kai a sunkuye, suna sa masa albarka suna kallon Ene. "Ene, kin iya gyara! Dubi yadda ya yi laushi." Tsohuwar tana ta washe haƙoran zinarenta kamar ita ta kwana da shi a cikin ƙanƙara. Kanishai tana rarraba shayi tana jin su. Yaron da a da ba ya iya haɗiye magana, yanzu ko tari ba ya yi sai ya dubi fuskar mutane, shi ne suke kira gyara.

Can ta neme shi ta rasa. Ta leƙa waje, yara sun taru za a kai su bakin gada inda za a fara tsere, babu shi a ciki. A gaban su kuwa ga Aktan, ɗan 'yar Ene da aka kawo daga Bishkek, mai ɗaukar na ɗaya a aji, yana ta miƙe ƙafa cikin sabon farin takalmin gudu. Nan take ta gane wanda ya sayi takalmin da dalilin sayensa. Ta tsinci Duishon a bayan mota yana shan taba.

"Ina Ermek?"

"Yana bayan gida wurin tukunya. Wuta na bukatar mai kula."

"Duk mazan da suka cika gidan nan suna hamma, an rasa mai tura itace sai shi?"

"Ke dai ki rage murya. Tsohuwa ce ta ce."

"Ta ce me?"

Ya jefar da tabar ya take. "Ta ce kin san abin da ake faɗa a kan mai yankewa. In ya shiga ya ci fa? A gaban mutane za a hana shi? Gara kada ya shiga, an rufa wa kowa asiri."

"An rufa maka asiri dai. Ɗanka ne fa, Duishon, ba agola na zo maka da shi ba."

"Na ce ba ɗana ba ne? Yau ɗaya ki bari a yi biki lafiya mana. Gobe sai a yi magana."

"Goben nan taka tun bara nake jiranta. Wallahi da akuya aka aura mini da ta fi ka amfani, ita ko ba komai in an taɓa ɗanta tana yin kuka."

Ta bar shi nan baki buɗe ta zagaya bayan gida. Ermek na tsugune gaban ƙatuwar tukunyar nama, yana gyara itace, hayaƙi na shiga masa ido ko a jikinsa.

"Tashi," ta ce. "Je ka bakin gada."

"An ce in kula da wuta."

"Ni na ce ka tashi. Ƙanenka ne. Ka yi gudun nan, in ka ci, ni da hannuna zan ba ka wuƙar. Daga yau kuma ka dawo gida, na gyara maka ɗaki."

Ya ɗago ya dube ta. Ba fushi a idonsa, kuma rashin fushin ne ya tsorata ta.

"Irin maganar narkewar ƙanƙara ce?" ya ce.

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta tsugunna ta kama gwiwarsa. "Na yi maka ƙarya, Ermek. Su suka yanke, amma bakina ne ya faɗa, kuma tun ranar ban ji daɗin raina ba. Wannan ba irinta ba ce. Na rantse da nonon da ka sha."

Ya ƙara tura itace cikin wutar. Sannan ya cire rigar sama, ya ninke ta a kan dutse, ya tsallake shinge ya bi ta bayan gidaje.

A ƙofar gida an shimfiɗa farar shimfiɗar ulu, an tsayar da Aidar a kai, an ɗaure masa igiya fara da baƙa a idon sawu. Yana ta tangaɗi yana dariya, Kanishai na riƙe da shi ta baya. Ene na zaune a kujera a gefe, da wuƙar a cinyarta, sabuwa, mai ƙotar ƙaho. Dattawa suka ɗaga hannu aka yi addu'a aka shafa. Wani ya kaɗa hula daga nesa, yara suka ɓarke da gudu.

Da farko farin takalmi ne a gaba, mata suna ta ihu, "Aktan! Aktan!" Ene har ta miƙe. Sai ga wani dogo cikin takalmin roba na makiyaya yana wuce yara ɗaya bayan ɗaya, ba ya ko haki. Yaron da ya shekara yana bin tumaki a kan tudu, ina ɗan birni zai kama shi a miƙaƙƙiyar hanya? Kafin su kai kan kwana ya bar Aktan a baya, ya iso gaban shimfiɗa ya tsaya shi kaɗai. Ihun ya mutu. Sagin kawai aka ji daga can baya yana dariya yana cewa, "Ai na san za a yi haka, wannan ko ɗan maraƙi ba ya tsere masa!"

Ene ta koma ta zauna, ta rufe wuƙar da gefen mayafinta. Ta jira har Aktan ya iso yana numfashi sama-sama, sannan ta yafito shi.

"Zo, ɗan albarka, karɓi."

"Ene," in ji Kanishai, "ba shi ya fara zuwa ba."

"Wancan ai ba ya cikin tsere. Aikin wuta aka ba shi, ya bar wa wa tukunyar mutane?"

"Kowa ya ga daga bakin gada ya taso."

"Kelin, riƙe yaronki ki yi shiru."

A wurinmu suruka ba ta ɗaga wa uwar miji murya. Ko sunan 'yan uwan mijinta ba ta kamawa, balle ta yi musu da tsohuwa a gaban baƙi. Kanishai ta shekara goma sha biyar tana shiga ɗakin matar nan da sunkuyo, tana fita da baya. Amma ranar nan abin ya zo mata wuya, ta miƙa wa wata mata Aidar ta riƙe, ta miƙe tsaye.

"Na yi shiru da kuka ce a kai shi dutse. Na yi shiru da kuka sa ni na yi masa ƙarya, don duk cikinku ba mai zuciyar da zai dube shi. Na haihu bai ga ƙanensa ba, na yi shiru. Tun safe kuke cika baki kun gyara shi, kun gyara shi. To in ya gyaru, me ya hana a ba shi wuƙa? In kuma bai gyaru ba, me kuka yi da shi duk tsawon lokacin nan? Bawa kuka samar wa garke?"

"La ila!" in ji wata tsohuwa, ta toshe baki.

"Ki ji tsoron Allah, Kanishai," Duishon ya faɗa daga bayan mutane, inda ya fi iya tsayawa.

"Kai ka ji tsoronsa, ni na gaji da jin tsoronku!"

Ene ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta taɓa bukatar haka. "Ɗaya ya lalace a hannunki," ta ce, "yanzu kina so ki zuba halinsa a cikin na biyun. Kin manta abin da ya buɗe wa ubansa a kicin? Ni ban manta ba. Ba zan ba wannan yaron ƙarfe a kusa da jikana ba."

"Shi ma jikanki ne!"

Kafin kowa ya ankara Kanishai ta kai hannu cinyar tsohuwar ta fizge wuƙar. Wuri ya ɗauki salati. Ta juya ta miƙa wa Ermek, ƙota a gaba.

"Karɓi. Na ce da hannuna zan ba ka, ga shi."

Ermek ya dubi wuƙar, ya dubi uwarsa. A karo na farko tun da ya sauko daga mota, ta ga wani abu ya motsa a fuskarsa, irin kallon da yake mata yana ƙarami in ta ɓoye masa alewa a aljihu. Ya goge tafin hannunsa a wando ya karɓa. Ta karɓi Aidar ta tsayar da shi a kan shimfiɗa, ta durƙusa a bayansa. Ermek ya durƙusa a gaba, ya zare wuƙar daga kube.

Ƙarfen ya yi walƙiya a rana. Aidar ya ga abu mai ƙyalli, ya yi tangaɗi ya kai hannu zai kama. Kanishai ba ta yi shawara da kowa ba, ba ta ma yi da kanta ba. Hannunta na dama ne kawai ya fita, ya cafke wuyan hannun Ermek, ya matse shi da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba. Na hagu kuma ya janye Aidar ya manna shi a ƙirjinta.

Alhali yaron ya riga ya kawar da wuƙar. Tun kafin ɗan hannun ya iso ya juya kaifin ƙasa, ya sa babban yatsansa ya rufe tsinin. Ta ga haka sarai, amma bayan ta riga ta riƙe shi. Kowa ma ya gani. Wurin ya yi tsit, har kukan ɗan ragon nan da ke ɗaure a shinge ana ji.

"To," in ji Ene a hankali. "Ashe ita ma ta sani."

Kanishai ta saki hannun kamar ta taɓa garwashi. Shatin yatsunta ya fito fari a fatarsa.

"Ermek, ba haka ba ne. Yaron ne ya kai hannu, na ji tsoron kada..."

"Na sani, Apa," ya ce. "Tsayar da shi."

Ta tsayar da shi. Ya sa yatsu biyu a ƙarƙashin igiyar ya ɗaga ta daga fatar yaron, ya shigar da wuƙar kaifi na kallon sama, ya ja sau ɗaya. Igiyar ta rabu. Ya mayar da wuƙar kube ya ajiye a kan shimfiɗa, ya miƙa wa Aidar yatsunsa biyu. Yaron ya kama, ya ɗaga ƙafa, ya taka, ya sake takawa, yana ƙyalƙyala dariya, guntayen igiya na reto a ƙafafunsa. Mutane suka fara tafi a ɗarare, wasu mata suka watsa alewa, yara suka rufa a kai. Ermek ya taka da ƙanensa har bakin shimfiɗa ya dawo da shi, ya sa hannun yaron a cikin na uwarsa.

"Ga shi nan, lafiya lau," ya ce. "Ki duba."

Ya bar wuƙar a inda ya ajiye ta, ya koma bayan gida wurin tukunya.

Aka ci nama, aka sha romo, aka yi ta addu'o'i. Kanishai ta yi ta neman hanyar da za ta keɓe da shi, amma duk inda ta bi yana da aiki a hannu, ko yana ɗauke da tire, ko yana zuba ruwa. Da la'asar ta ji an ta da a-kori-kura, don Sagin yana son ya haye dutse da sauran rana. Ta fito da gudu, da wuƙar mai ƙotar ƙaho a hannunta. Ermek ya riga ya hau baya, ya zauna a kan buhun gishiri, ya sa rigarsa ta sama.

"Sauko," ta ce. "Na ce ka sauko! Na wanke maka bargo, na kwashe dankalin. Ba inda za ka."

Sagin ya leƙo ta taga, ya kawar da kai don kunya. "Ni ban ce ya hau ba, kelin. In ya zauna ma na ji daɗi, ko da yake zan yi kewar hannunsa."

"Ka ji? Ba mai tilasta maka. Wanda ya isa a gidan nan ya zo ya ce ka tafi, ya ga yadda zan yi da shi." Ta miƙa masa wuƙar. "Ga abinka, kai ka ci. Hannuna ne ya yi kuskure, Ermek, ba zuciyata ba. Wace uwa ce za ta ga jariri ya kai hannu ga kaifi ta tsaya kallo?"

"Da Aktan ne, hannun jaririn za ki riƙe," ya ce.

Ta sauke hannun da ke riƙe da wuƙar.

"Ba komai, Apa. Ban ji haushi ba." Ya gyara zama a kan buhun. "A can, baffa yakan miƙo mini wuƙa ya ce in yanka wa yara nama, ya juya baya ya ci gaba da aikinsa. Matarsa takan bar mini jaririyarta ta tafi tatsa. A nan kuwa kullum za ki riƙa kallon hannuna. Ke ma za ki gaji, ni ma zan gaji."

"Zan daina. Wallahi zan daina."

"Ki ajiye wa Aidar wuƙar. Ragon kuma kada a ba shi ɗanyar ciyawa da yawa, cikinsa zai kumbura."

Ya buga rufin motar da tafin hannu. Sagin ya ɗan jira, ya dubi Kanishai, sannan ya ja. Ta bi su da kira har kan kwana, ɗankwalinta ya zame, mutanen unguwa na leƙe ta kan shinge. Yaron bai ɓoye fuska ba, bai kuma ɗaga hannu ba. Yana kallonta har motar ta sha kwana.

Ta juyo gida a cike fam, tana neman wanda za ta sauke a kansa. Duishon ya hango ta ya shige cikin maza. Matan unguwa suka sunkuyar da kai cikin kofunansu. Ta tsaya a tsakar gida da wuƙa a hannu, ta dubi wannan, ta dubi wancan. Duk ta san laifin kowa, tana iya lissafa shi tun daga farko, amma a cikinsu babu wanda ya riƙe hannun yaron.

Ene na zaune a kan kujerarta, Aidar a cinya, tana kwance masa guntayen igiyar. Ta ɗago ta dubi surukarta, ba ko alamar fushi, har da ɗan murmushi irin na wanda aka biya masa bukata.

"Kelin, na yafe miki maganganun ɗazu," ta ce. "Hannunki ya fi bakinki hankali. Zo ki zuba wa baƙi shayi, ya fara hucewa."

Kanishai ta ajiye wuƙar a kan taga, ta ɗauki butar ta bi baƙi ɗaya bayan ɗaya tana zubawa. Hannun ko rawa bai yi ba.